Ajali a Gaban Majalisa: Muhawarar Ingila Kan Gaggauta Mutuwar Mai Ciwon Ƙarshe

Ranar Jumma'a 29 ga watan Nuwamba na shekarar 2024, bayan 'yan Majalisar Wakilan Birtaniya sun shafe kimanin sa'a biyar suna musayar hujjoji cikin wata irin natsuwa da ba a saba gani ba a wannan zaure da aka san shi da hayaniya da shewa, sai aka tashi ƙuri'a a kan wata mas'ala wadda ta fi ƙarfin jam'iyya, har shugabannin jam'iyyu suka janye hannunsu suka bar kowa da zuciyarsa: shin doka za ta halatta wa likita ya ba mai ciwon ajali maganin da zai sha ya mutu, idan shi da bakinsa ya roƙa? Mutum 330 suka ce na'am, 275 suka ce a'a. Shekara tara kafin nan, a watan Satumba na 2015, wannan majalisa ta yi watsi da irin wannan ƙuduri da ƙuri'a 330, masu goyon baya ba su wuce 118 ba. Duk wanda ya ɗora waɗannan lissafai biyu a kan sikeli zai gane cewa wani abu mai girma ya sauya a tunanin mutanen wannan ƙasa game da rai da mutuwa, kuma ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira.

Wadda ta kawo ƙudurin ita ce Kim Leadbeater, 'yar jam'iyyar Leba mai wakiltar Spen Valley, ƙanwar marigayiya Jo Cox, 'yar majalisar nan da aka yi wa kisan gilla a 2016. A al'adar majalisarsu, a farkon kowane zango a kan jefa ƙuri'ar sa'a tsakanin wakilan da ba sa riƙe da muƙamin gwamnati, wanda sunansa ya fito a kan gaba ya sami damar gabatar da dokar da ya ga dama, to a wannan karo sunanta ne ya fito. Sharuɗɗan da ta gindaya kuwa su ne: mai neman ya kasance ya cika shekara 18, mazaunin Ingila ko Wales na aƙalla wata goma sha biyu, yana cikin hankalinsa, kuma likitoci suna zaton ba zai wuce wata shida a duniya ba. Likita biyu za su duba shi kowa daban, su tabbatar ba tilasta masa aka yi ba. A rubutun farko an ce sai alƙalin Babbar Kotu ya sa hannu, amma da aka shiga kwamiti a farkon 2025 sai aka cire alƙalin, aka maye gurbinsa da zaman mutum uku, wato babban lauya, da likitan ƙwaƙwalwa, da jami'in kula da walwalar jama'a. Bayan sun amince, a jira kwana goma sha huɗu ko zai sake shawara. Idan ranar ta zo, likita zai haɗa maganin ya kawo, ya zauna a wurin, amma mara lafiyan ne da kansa zai sha. Wanda kuma aka kama ya matsa wa wani lamba har ya nemi wannan hanya, ɗaurin da zai iya kai shekara goma sha huɗu na jiransa.

Ba zai zama adalci ba a yi hukunci a kan masu goyon bayan wannan ƙuduri ba tare da an saurari abin da ya kai su ba, domin kuwa ba daga marmarin mutuwa maganarsu ta taso ba, daga gadajen jinya ta taso. Tun 1961 dokar Ingila ta daina hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, amma ta bar ɗaurin da ya kai shekara goma sha huɗu a kan wanda ya taimaka masa. A ƙarƙashin wannan doka ne Diane Pretty, wadda cutar da ke kashe jijiyoyin motsi ta shanye ta daga wuya zuwa ƙafa alhali hankalinta garau, ta nemi a ba mijinta tabbacin ba za a gurfanar da shi ba idan ya taimake ta. Ta sha kaye a kotun ƙoli ta ƙasarta, ta sha kaye a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a watan Afrilu na 2002, ta rasu a watan Mayu. Haka kuma Tony Nicklinson, wanda shanyewar jiki ta bar shi ba ya iya magana sai ta ƙifta ido ga na'ura, da kotu ta ƙi roƙonsa a watan Agusta na 2012 aka nuno shi a talabijin yana kuka mai ban tausayi, daga nan ya ƙi abinci, bai cika mako guda ba ya cika. A tsakanin waɗannan biyu akwai Debbie Purdy, wadda ta yi nasara a 2009 kotu ta umarci babban mai gabatar da ƙara na gwamnati ya bayyana a fili yaushe ne zai tuhumi dangin da suka raka mara lafiya ƙasar waje ya mutu. Mutumin da ke kan wannan kujera a lokacin, wanda ya rubuta ƙa'idojin a 2010, shi ne Keir Starmer, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, ya kuma jefa ƙuri'arsa ga ƙudurin Leadbeater.

Ƙasar wajen da ake nufi ita ce Suwizalan, inda wata ƙungiya mai suna Dignitas, wadda aka kafa a 1998, take karɓar baƙi. Tafiyar ta kan ci fam dubu goma ko fiye, kuma dole mutum ya tafi tun yana da ƙarfin hawa jirgi, ma'ana ya mutu tun kafin lokacin da shi kansa ya so, sau da yawa kuma shi kaɗai, don tsoron kada 'yan sanda su tare matarsa ko 'ya'yansa idan sun dawo. Lokacin da Esther Rantzen, tsohuwar mai gabatar da shirye-shirye a talabijin wadda kusan kowane gida a Ingila ya san ta, ta sanar a watan Disamba na 2023 cewa ciwon dajin huhunta ya yi nisa kuma ta yi rajista da wannan ƙungiya, sai maganar ta fita daga hannun lauyoyi ta shiga bakin jama'a. Hujjar wannan ɓangare a taƙaice ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: akwai azabar da magani ba ya kashewa, masu hali sun riga sun sami mafita da kuɗinsu, talaka ne kawai aka bari, kuma ba wanda aka ce dole ya bi wannan hanya, zaɓi ne aka ba wanda yake so.

A kan wannan zaɓin ne nake ganin dukan mas'alar ta rataya, kuma a nan ne, a ra'ayina, hujjar masu goyon baya ta yi rauni. Mutum ba ya zaɓi sai in an ajiye masa abu biyu a gabansa, kowanne hannunsa na iya kaiwa gare shi. Ingila ita ce mahaifar jinyar ƙarshe ta zamani, domin a Landan ne Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a 1967, ta koya wa duniya cewa raɗaɗin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, da na tsoro, da na kaɗaici, da na damuwar abin da zai bari a baya, kuma idan aka ba da maganin ciwo a kan lokaci, ba sai mutum ya fara ihu ba, mafi yawan mutane za su iya cikawa cikin sauƙi da mutunci. Amma duk da wannan tarihi, har yau kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kuɗin gudanar da irin waɗannan gidaje na manya yake fitowa daga gwamnati. Sauran daga sadaka yake zuwa. Wanda ya bi titin kasuwa a kowane ƙaramin gari na Ingila zai ga wani kanti mai ɗauke da sunan gidan jinya, tsofaffi 'yan sa-kai a bayan kanta, suna sayar da gwanjon riguna da tsofaffin littattafai da kofunan shayi da mutane suka ba da kyauta, da wannan cinikin ne ake biyan albashin nas ɗin da za ta zauna da mai gargara cikin dare. A shekarun nan da yawa daga cikin gidajen sun rage ma'aikata sun rufe gadaje saboda ƙarancin kuɗi. To, idan doka ta wajabta wa hukuma ta tanadi hanyar mutuwa ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, alhali gadon jinyar da zai sa ya so ƙarasa kwanakinsa yana jiran cinikin gwanjo, lalle ba a daidaita masa ƙofofin biyu ba.

Wannan ba ƙorafin malaman addini ba ne kawai. Wes Streeting, Ministan Lafiya a lokacin, wanda shi ne zai aiwatar da dokar in ta tabbata, ya ƙi ta a ƙuri'a, yana mai cewa jinyar ƙarshe a ƙasar ba ta kai matsayin da za a ce an ba mutane zaɓi na haƙiƙa ba. Tsohon Firayim Minista Gordon Brown, wanda 'yarsa ta fari ta rasu a Janairun 2002 tana da kwanaki kaɗan a duniya, ya rubuta cewa abin da ya gani a wancan lokaci ya koya masa darajar kyakkyawar jinya, ya nemi a gyara wannan tukuna. Diane Abbott ta ɓangaren hagu na Leba da Edward Leigh na masu ra'ayin riƙau, waɗanda da wuya a sami abin da suka taɓa haɗuwa a kansa cikin kusan shekara arba'in da suka yi tare a majalisa, sun haɗa hannu suka yi rubutu guda suna gargaɗi. Tanni Grey-Thompson, wadda ta ci lambobin zinariya da yawa a tseren keken guragu kuma take zaune a Majalisar Dattawa, ta daɗe tana faɗin cewa naƙasassu sun saba jin mutane na ce musu da su ne a wannan hali da sun gwammace mutuwa, don haka suna da dalilin tsoro. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ma, wadda 'ya'yanta ne za su zauna a zaman mutum ukun nan, ta sanar a watan Mayu na 2025 cewa ba za ta iya goyon bayan ƙudurin yadda yake ba, domin baƙin ciki mai tsanani ya kan biyo bayan labarin ciwon ajali, kuma cuta ce da ake magancewa. Ga kuma maganar wata shida, wadda likitoci da kansu suka shaida cewa kintace ne, sau da yawa a kan ce wa mutum saura watanni ya yi shekaru.

Kowane ɓangare yana da ƙasar da yake nunawa da yatsa. Masu goyon baya suna nuna jihar Oregon ta Amurka, wadda dokarta ta fara aiki a 1997 kuma har yau ba ta janye sharaɗin wata shida ba, kuma gaskiyarsu ne a nan. Masu adawa suna nuna Kanada, wadda ta halatta abin a 2016 ga wanda mutuwarsa ta kusa, sannan a 2021 ta cire wannan sharaɗi, har aka tsara shigar da masu ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai, ko da yake an ɗage wannan zuwa 2027. A shekarar 2023 mutum fiye da dubu goma sha biyar ne suka mutu ta wannan hanya a can, wato kusan ɗaya cikin kowane mamaci ashirin, ko da yake mafi yawansu masu ciwon ajali ne. Beljiyam kuwa, wadda ta fara a 2002 tare da Holan, ta cire iyakar shekaru a 2014. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin rahotannin Oregon ɗin ne da kanta, waɗanda hukumar lafiyar jihar take fitarwa kowace shekara. Idan aka duba dalilan da ake rubutawa na waɗanda suka sha maganin, ba zafin ciwo ne a kan gaba ba. Abin da ke kan gaba shi ne rasa ikon tafiyar da kai da kasa yin abubuwan da aka saba jin daɗinsu, kuma a shekaru da yawa kusan rabinsu an rubuta cewa suna jin sun zama nauyi ga iyali da masu jinyarsu. Da aka kawo gyara a majalisar Ingila wanda zai hana ba da izini ga mutumin da babban dalilinsa shi ne jin ya zama nauyi, sai aka kayar da gyaran. Haka kuma aka ƙi hana likita ya zama shi ne zai fara tayar wa baligi da maganar, aka hana kawai ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Wannan jin nauyin ba baƙo ba ne gare mu, kuma ba ya bukatar wani mugun magaji mai jiran gado. Wanda ya taɓa jinya a ɗakin masu ciwon daji a babban asibiti a ƙasarmu ya san yadda abin yake: tabarma a ƙarƙashin gado, filas da kwanon abinci a gefe, takardar magani a hannun babban ɗa yana juya ta yana lissafi a zuci, tsohuwa kuma tana kallonsa ta gefen ido, ta riga ta gane. Idan masu dubiya suka ce “Sannu Inna, ya jiki?” sai ta ce “Da sauƙi, alhamdu lillahi,” ko da daren jiya ba ta runtsa ba, bayan sun fita kuma ta kira ɗan nata ta ce, “Kada ka sayar da gonar nan saboda ni, ku mai da ni gida.” Babu wanda ya tilasta mata, ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma babu likita biyu ko zaman mutum uku da za su iya gano wani matsi a cikin maganarta, domin matsin daga cikin zuciyarta yake. Abin da yake kare irin wannan baiwar Allah a yau shi ne babu wanda zai iya amsa mata da cewa akwai hanya mafi sauri. Ranar da doka ta buɗe wannan hanya, ci gaba da rayuwa ya zama abin da za ta riƙa ba kanta hujja a kansa kowace safiya.

Akwai wani ɓangare na muhawarar da ya shafi Musulmi kai tsaye. Shabana Mahmood, wadda take Ministar Shari'a a lokacin, Musulma ce, ta fito fili ta ce ba za ta goyi bayan ƙudurin ba, ba ta kuma ɓoye cewa imaninta da alfarmar rai yana cikin dalilanta ba, tare da hujjoji na shari'a da na siyasa. Sai Charles Falconer, wanda shi ma ya taɓa riƙe wannan muƙami kuma shi ne jagoran ƙudurin a Majalisar Dattawa, ya ce bai kamata a ɗora wa sauran jama'a aƙidar addininta ba. Ina ganin wannan magana ba ta yi adalci ba, domin babu ɗan majalisar da ya shiga zauren nan da zuciya fanko. Wanda ya ce mutum shi ne mamallakin ransa, yana da ikon ajiye shi lokacin da ya so, shi ma aƙida ya zo da ita, kuma idan aka yi doka da ita ta hau kan kowa. Shugaban Katolika na Ingila da Wales a lokacin, Kadinal Vincent Nichols, da Babban Malamin Yahudawa Ephraim Mirvis, da shugabannin Musulmi, duk sun tsaya a sahu guda, ko da yake an sami George Carey, tsohon shugaban cocin Ingila, a ɗaya ɓangaren.

Matsayin fiƙihu kuwa a bayyane yake, kuma ya fi yadda wasu ke zato faɗi. Rai amana ce a hannun ɗan Adam, kare shi yana cikin larurori biyar da malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo domin kiyaye su, kuma fuƙaha'u suna kafa hujja da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da hadisai ingantattu a kan haramcin kashe kai, da haramcin taimakawa a kansa, ko da wanda za a kashe ya ba da izini. Amma wannan bai wajabta a riƙe mutum da na'ura har abada ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yi fatawar cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu mutuwar da ba dawowa, ya halatta a cire na'urar numfashi. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa barin maganin da ba a sa ran amfaninsa ba laifi ba ne, kuma ba da maganin kashe raɗaɗi gwargwadon bukata da niyyar sauƙaƙawa halal ne. Dokar Ingila ma ta san wannan iyaka, tun hukuncin da aka yanke a 1993 a kan Tony Bland, saurayin da turmutsutsun filin ƙwallo na Hillsborough ya bari cikin dogon suma, inda aka yarda a janye abin da ke riƙe da shi. Tsakanin barin ajali ya iso da kuma miƙa hannu a jawo shi akwai iyaka wadda likitoci da alƙalai da malamai suka daɗe suna tsaye a kanta, kuma ita ce ƙudurin yake son tsallakewa.

Ranar 20 ga Yuni 2025 aka yi ƙuri'ar ƙarshe a Majalisar Wakilai, 314 suka amince, 291 suka ƙi, ratar da ta kasance 55 ta dawo 23 bayan wakilai sun ga dokar dalla-dalla. Daga nan ta wuce Majalisar Dattawa, inda aka fara muhawara a watan Satumba, aka kuma jibga mata gyare-gyare fiye da dubu. Ko yaya ta kaya a can, maganar ba za ta kwanta ba, domin majalisar tsibirin Man ta riga ta zartar da tata dokar a watan Maris na 2025, Majalisar Dokokin Faransa ma ta amince da irin wannan ƙuduri a karatun farko a watan Mayu na 2025. Dubban 'ya'yanmu likitoci da nas-nas suna aiki a asibitocin Ingila, kuma ko da yake ƙudurin ya ce ba za a tilasta wa kowa sa hannu ba, wata rana mara lafiya zai kama hannun ɗayansu ya yi masa tambayar, don haka ya kamata su san matsayinsu tun yanzu.

Hukuncina shi ne bai dace Ingila ta zartar da wannan doka ba, kuma kukan Diane Pretty da Tony Nicklinson, wanda kuka ne na gaskiya, ya fi cancantar a amsa shi da ɗaukar nauyin jinyar ƙarshe gaba ɗaya daga baitulmali. Mu kuma da dokarmu da addininmu suka rufe wannan ƙofa, hakkin da ke wuyanmu ya fi nasu nauyi, domin wanda ya ce wa mara lafiya ya yi haƙuri ya jira ajalinsa, wajibi ne ya sauƙaƙa masa jiran. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa, Nijeriya kuma tana can ƙasan jerin, alhali magani ne mai araha. Yuganda ta fara haɗa mofin na ruwa tun bayan da Dokta Anne Merriman ta kafa gidan jinyar ƙarshe a Kampala a 1993, a 2004 kuma ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, don ya isa ƙauyukan da babu likita. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu su yi koyi da wannan, ga malamanmu su bayyana wa jama'a a kan mumbari cewa shan maganin raɗaɗi ba ya rage ladan haƙuri, ga masu hali kuma, waɗanda Allah ya hore wa abin yin waƙafi, su tuna da ɗakin masu ciwon daji na asibitin garinsu.